Rumbun Masu Tari

Ran da aka miƙa muku makullin ɗakin ajiya na ji ɗayanku yana cewa neman tallafi yanzu ba wani aiki ba ne: a ɗauki hoto, a rubuta bayani, a sa lambar asusun banki, a tura ta waya, kuɗi su shigo. Ban musa ba a wurin, domin taron murna ne, kuma akwai gaskiya a maganar. Abin da mukan yi mako muna bin gari gari a kansa, ku kuna iya samunsa kafin la'asar. Amma akwai abin da nake so ku sani game da aikin nan tun ina iya faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni asalina ma'aikacin gidan rediyo ne, sashen labarai. Da na ajiye aiki na dawo ƙauyenmu a ƙasar Makoda da niyyar in yi noma in huta. Hajiya Binta ce ta hana ni hutun. Tsohuwar nas ce, ita ta kafa ƙungiyar nan ta tallafa wa masu tarin fuka, bayan ta gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa. Magani kyauta ne a asibiti, amma sai mara lafiya ya sha na wata biyu ya daina. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maganin na wata shida ne, kullum, ba fashi. Yana buɗe ciki, mutum ya riƙa jin yunwa kamar ya ci babu, alhali ba shi da ƙarfin ɗaga fartanya. Asibiti da nisa, mota ba ta ɗaukar mutum don Allah. Wanda ya daina kuwa, tarin yakan dawo masa da taurin kai, ba ya jin maganin farko. Don haka ƙungiyarmu ba ta taɓa ba kowa ƙwaya ko ɗaya ba. Gero muke bayarwa, da wake, da man gyaɗa, da kuɗin mota. Aikina shi ne nemo su.

Aikin farko da ta kai ni gidan wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa. Na kwana biyu ina shirya jawabi. Muna zama a zaure na fara, na kawo tarihin cutar, na kawo illarta ga tattalin arzikin karkara, ban yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya taimaka, ya raka mu bakin ƙofa. A hanya Hajiya ta ce, "Malam Nasiru, ka karanta masa labaran duniya sarai. Saura ka ce a nan muka kawo ƙarshen shirin. Ba ka ga mutumin yana jan ƙafa ba?" Bayan kwana kaɗan ta koma ita kaɗai, ta duba masa ƙafar, ta ce ya rage gishiri ya je a auna jininsa, ba ta ambaci ƙungiya ba. A zuwa na uku shi ya tambaya da bakinsa, "Wai mutanen nan naku masu tari, me suke ci?" Daga nan har ya rasu bai fasa aiko mana da jarkar man gyaɗa ba duk bayan kaka. Abin da na koya shi ne, ba a roƙo a zuwan farko, kuma muryar rediyo a bakin zaure ake cire ta tare da takalmi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tiya guda ɗaya tak da muke awo da ita, don kada wani ya ce an fifita wani. Akwai basilla da zaren ɗinkin buhu. Akwai katakai da ake jerawa a ƙasa kafin a ɗora buhu, saboda gara, da busasshen barkono da ake cusawa cikin wake saboda ƙwari, kafin a zo da buhunan nan masu leda a ciki. Akwai asusun katako biyu, ɗaya a shagon mai kemis, ɗaya a bakin masallacin Juma'a, waɗanda abin da ke cikinsu bai taɓa wuce kuɗin motar mutum uku huɗu ba. Buhunan da muke kai wa marasa lafiya kuwa dole su zama tsofaffi, babu tambari, babu rubutu. A garinmu in aka ce wane yana da tarin fuka, to an fara matsawa daga gare shi a sahu, an fara duban auren 'yarsa da wani ido. Saboda haka buhunmu yana shiga gida ne kamar wanda aka sayo a kasuwa, a bayan babur, da rana tsaka, ba wanda zai waiwaya. Dokar Hajiya ta farko ke nan, kuma ita ce ta ƙarshe: sunan mara lafiya ba ya fita daga bakinmu sai da izininsa.

Babban aikin shekara da kaka yake. Yawancin abin da muke rabawa zakkar hatsi ce, ita kuwa a gona ake samunta, lokacin da aka ɗaure gero aka jera dammuna, manomi yana ƙirga tara yana ware na goma. In ka bari dami ya shiga rumbu, fitarsa sai an sha wuya. Kuma ba mu kaɗai ke da haƙƙi a cikinta ba. Akwai malamin unguwa, akwai gajiyayyun dangi, akwai gwauruwar da ke maƙwabtaka, duk sun riga mu. Ba ma cewa a ba mu duka. Mukan gaisa, mu yi barka da arziki, mu taya ɗaurin dami ɗaya biyu, sannan mu ce in akwai ragowa a tuna da masu tari. Wani ya ba ka dami, wani ya ba ka rabin dami, wani ya ba ka addu'a, kuma duka ukun za ka koma musu baɗi da fuska ɗaya.

Bayan an tara, matan unguwa sukan ware yini guda su yi mana sussuka da shiƙa, ba ko sisi. Wannan ita ce gudummawarsu, kuma in aka yi mata kuɗi ta fi ta Alhazai da yawa. Daga nan sai a zuba geron kowa wuri ɗaya a cakuɗa. Hajiya ce ta tsara haka da gangan, don kada mai bayarwa ya ce ni na ciyar da wane, kada mai karɓa ya san geron wa yake ci. Shekaru muna alfahari da wannan tsari.

Duk wannan ɗawainiya a amalanken Malam Hamisu take tafiya. Manomi ne dattijo mai shanun huɗa biyu, mai iyali da yawa, mutumin da in ya ce gobe to gobe ce. Shi ba sai mun je gonarsa ba. Da kansa yake ɗoro damin zakkarsa a amalanke, sannan ya bi gonakin mutane ya kwaso na saura. In muka buƙaci kuɗin mota ga marasa lafiya muka ce a sayar da buhu ɗaya biyu daga rumbu, shi ke kai su kasuwa ya tsaya kan ciniki. Bai taɓa tambayar wa ake ba ba. Abin da yakan ce kawai in ya sauke kaya shi ne, "Malam Nasiru, a ce musu su ci da yawa."

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana ɗauke da ciki, taki ya gagari talaka, man fetur ya yi tsadar da ta sa kuɗin mota zuwa asibiti ya ninka ya sake ninkawa. 'Yan garinmu da ke kasuwanci a birni, waɗanda sukan aiko da ɗan abu da azumi, suka daina ɗaga waya, ba don rowa ba, don kunyar cewa babu. Gonakin da mukan samu dami muka samu rabin dami, inda mukan samu rabi muka samu addu'a. Marasa lafiya kuwa suka ƙaru, domin tarin nan abokin yunwa ne. Muka rage awo. Muka daina ba da mai. A wannan kakar ma Malam Hamisu ya kawo zakkarsa, 'yar kaɗan, aka sussuke aka zuba cikin ta jama'a kamar kullum. Na lura yana tari lokacin da yake kwance igiya, na ce ko ƙaiƙayi ne, ya ce ƙaiƙayi ne.

Ba ƙaiƙayi ba ne. Da rani ya je asibiti a ɓoye aka gwada kakinsa, aka ɗora shi a kan magani. Bai gaya mana ba. Ya sayar da sa ɗaya ya ciyar da gida, bazara ta yi ya sayar da ɗayan. Mun sani ne ran da matarsa, Inna Rabi, ta sa mayafi ta zo gidan Hajiya ta ce Malam ya daina shan magani. Ya ce in ya sha, yunwar da ke kama shi ta tuwon mutum uku ce, shi kuma ba zai cinye rabon jikokinsa ba. Wata uku ya sha, saura uku.

Muka ɗora buhu a babur muka tafi. Yana zaune a zaure a kan buzu, riga ta yi masa yawa. Muka gaisa, ya dubi buhun, ya dube ni.

"Wannan daga ina?"

"Daga rumbu, Malam. Haƙƙinka ne kamar na kowa."

"Gerona yana ciki?"

Na ce ai ya sani, na kowa yana ciki.

"To ka gani. Abin da na fitar na ce na Allah ne, ba zan buɗe baki in mai da shi cikina ba. Ku kai wa masu shi."

Hajiya ta ce, "Haba Malam Hamisu. Ƙwayar geronka nawa ce a cikin buhun nan? Ko tafin hannu ba za ta cika ba."

"Hajiya, ki tsince min su, in ci sauran."

Ba gardama yake yi ba. A hankali yake magana, yana hutawa tsakanin kalmomi. Na ce to za mu sayo masa a kasuwa da kuɗin ƙungiya. Ya yi murmushi ya ce, "Kuɗin da ni na kai gero kasuwa na karɓo muku?" Na ce to daga gidana. Ya ce, "Kai da rumbun nan ai ɗaya ne, Malam Nasiru. Kuma na san fanshonku bai zo ba." Haka muka komo da buhunmu.

Washegari muka ɗauko liman, da izinin Inna Rabi da na Malam Hamisu. Liman ya zauna ya yi masa bayani mai kyau, cewa abin da ya bayar ya riga ya fita daga mulkinsa, ga kuma lalura, ga haƙƙin rai. Malam Hamisu ya saurara kansa a ƙasa. Da liman ya gama ya ce, "Allah gafarta Malam, ban ja da ilimi ba. Na yarda halal ne. Maƙogwarona ne ya ƙi." Liman ya juyo ya dube mu, ya buɗe hannuwa. Tsarin da muka yi don kare mutuncin mai karɓa shi ne ya rufe mana ƙofa, domin babu tiya ɗaya a ɗakin ajiyarmu da za mu rantse babu geronsa a ciki.

A cikin makon wani jami'i ya zo daga wata gidauniya ta birni, wadda na daɗe ina bi. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Ya ce an amince za a ɗauki nauyin abincin marasa lafiyarmu har zuwa kaka, da sharaɗi ɗaya: hoton kowane mara lafiya riƙe da buhunsa. Ba mugunta ba ce. Ya ce an sha cutarsu, su ma akwai waɗanda za su nuna wa shaida. Hajiya ta ce a ɗauki hoton buhunan, a ɗauki na ɗakin ajiya, a ɗauke ta ita da ni ta kowace fuska. Ya buga waya ya dawo ya ce ba a yarda ba. Muka bi marasa lafiyarmu ɗaya bayan ɗaya muka tambaye su, domin ba mu da ikon yanke musu hukunci a kan cikinsu. Biyu suka yarda, aka ɗauke su hoto, aka ba su. Malam Hamisu da na kai masa zancen cewa ya yi, "Ina da 'ya'ya mata a gidajen mutane." Ku da kuke aiki da hoto, ban ce ku daina ba. Ku dai riƙa tambaya, kuma ku tanadi abin da za ku yi wa wanda ya ce a'a.

Kwanaki suna tafiya, kowace safiya da ta wuce ba magani tana ƙara haɗarin tarin ya juye. Hajiya ce ta samo hanya. Ta ce, "Sadaka ya ƙi. Amma ka taɓa ganin Bahaushe ya mai da abin dubiya?" Gaskiya ne. Wanda ya zo gaishe ka da jiki ya ajiye ɗan abu a gefen tabarma, in ka mayar masa ka yanke zumunci. Matsalar ita ce, ba a zuwa dubiyar ciwon da aka ɓoye, kuma wanda zai zo dole ya zama mutumin da ba zai gudu ba in ya ji sunan ciwon. Ta koma wurin Malam Hamisu ta ce akwai mutum ɗaya da take so ta kawo ya gaishe shi. Ya ce, "Ba a hana dubiya."

Mutumin da ta nufa Iro ne mai shayi, wanda teburinsa ke bakin kasuwa gindin ceɗiya. Shekarun baya ya sha maganin nan wata shida ya warke sarai, babu wanda ya sani a garin sai mu da matarsa. Ni na je masa, bayan ya sallami masu shan shayin safe. Na gaya masa wanda ke kwance, na kuma gaya masa gaskiya cewa in zancen ya fita teburinsa ne zai ji a jikinsa, don haka in ya ƙi ba wanda zai zarge shi. Yana wanke kofuna yana jina. Ya ce, "Malam Na-Rediyo, kai komai sai ka karanta sharuɗɗa. Baba Hamisu mai amalanke?" Na ce shi. Ya ce, "To bari in kashe wuta."

Ya zo da gero a ƙullin zane da ƙwai a cikin kwano. Muka tarar da maƙwabta biyu a zauren Malam Hamisu, waɗanda suka ɗauka ciwon shawara ne ke damun Malam. Na yi wa Iro ido ya jira su tashi. Bai ko dube ni ba. Ya durƙusa ya gaisa, ya matsa kusa har gwiwarsa tana taɓa buzun.

"Baba, sannu. Fitsarin ya koma ja ko? Kamar zoɓo?"

Malam Hamisu ya ɗago kai.

"Ni ranar farko na ɗauka jinina ne ke zuba, har na fara rabon gado. Na ba matata tukunyar shayi, na ba ƙanena benci. Ashe aikin maganin ne. Baba, tarin da ke jikinka ya kwana a nawa. Dubi wuyana yanzu."

Maƙwabtan nan suka dubi juna. Ɗaya ya tuna yana da aiki a gona.

Malam Hamisu ya nuna ƙullin da haɓa. "Kai ma daga rumbu ka ci?"

"Wata shida cur. Har da gyara."

"To sadakata ka dawo min da ita ke nan."

"Haba Baba! Geronka tun yaushe na ci na kai shi bayan gari? In kana nemansa sai dai mu ɗauki fartanya. Wannan na gonata ne, ni na shuka, ni na nome, tsuntsaye suka bar min. Dubiya na zo. In kuma korata za ka yi, ka faɗa, in ɗauki ƙwaina in tafi."

Dariya ta kama Malam Hamisu, tari ya biyo ta, ya daɗe kafin ya lafa. Da ya samu numfashi ya ɗaga murya ya kira Inna Rabi. Ya ce, "Ga baƙo ya zo da kaya, a shiga da su." Da safe Hajiya ta raka shi asibiti. Aka sake gwaji, aka yi masa faɗa yadda ya kamata, aka mai da shi kan magani.

Gonar Iro ba za ta ciyar da gidan Malam Hamisu har kaka ba, kuma mu ba mu da ikon ba shi sunan kowa. Bai ma tambaya ba. Ya san waɗanda suka yi zaman benci tare a asibiti ranar karɓar magani, shi ya bi su da ƙafarsa. Wasu suka ce ba za su iya ba, ba a kuma sake tuntuɓarsu ba. Wasu suka zo. Wata mai daddawa takan shiga wurin Inna Rabi ranar kasuwa da wake a ƙarƙashin faifai. Wani ɗan acaɓa ya ɗauki nauyin kai Malam Hamisu asibiti da dawo da shi. Aikina a wannan damina ya koma tsara zuwan, don kada su haɗu rana ɗaya a yi mako ba kowa. Da ciyawa ta kama gonarsa, su ne suka yi masa gayya. Ban nemo ko kwabo ba a wannan aiki, kuma shi ne neman tallafi mafi wuya da na taɓa yi.

Tun daga shekarar muka sauya abu biyu, kuma za ku tarar da su a ɗakin ajiya. Hatsin kowace shiyya a gefensa yake, ba a cakuɗa na gabas da na yamma, domin in mai bayarwa ya kwanta a ciyar da shi daga ɗaya gefen da zuciya ɗaya. Kada ku ga kamar ɓata wuri ne ku haɗe su. Na biyu, duk wanda ya warke mukan tambaye shi a keɓe ko za a iya kiransa in an buƙaci dubiya. Wanda ya ce a'a, a'a ce.

Abin da na gaya wa Iro kuwa ya faru. Kafin mako ya zagayo garin duka ya ji. Masu shan shayin safe suka koma teburin da ke tsallaken titi. Hajiya ta tsaya a bakin kasuwa ta yi bayani har muryarta ta dishe, cewa wanda ya warke ya warke, kuma ba a kofi ake ɗaukar tarin ba. Aka ce mata haka ne Hajiya, aka ci gaba da tsallaka titi. Iro ya rage burodin da yake sarowa, ya daina sayen ƙwai kiret guda. In na wuce yakan ce, "Malam Na-Rediyo, a sanar da jama'a cewa benci ya samu hutu." Bai fasa zuwa dubiya ba.

Gwajin ƙarshe ya faɗo ranar kasuwa, gero ya fara nuna. Na raka Malam Hamisu asibiti. Jami'in asibiti ya duba sakamako ya ce babu komai, an gama. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya sa hularsa. A hanyar dawowa muna isowa bakin kasuwa ya dafa kafaɗar ɗan acaɓa ya ce a tsaya. Na ce Inna Rabi tana jira. Ya ce ta jira.

Hantsi ne, kasuwa ta fara cika. Ya ratsa mutane a hankali yana amsa gaisuwa, har gindin ceɗiya. Benci babu kowa. Ya tattara rigarsa ya zauna a tsakiya, inda duk mai wucewa zai gan shi. Iro ya riƙe baki.

"Baba, ɗan sauran da suka rage min ka zo ka ƙarasa korewa?"

"Zuba min. Da madara."

"A kofi, ko in nemo maka gwangwani?"

"A kofin da kake ba kowa."

Na zauna kusa da shi na ce a zuba biyu. Liman yana wucewa da ledar cefane, Malam Hamisu ya ɗaga murya yadda ban ji ya ɗaga ba tun kafin ciwon: "Allah gafarta Malam, bismilla. Wannan maƙogwaro ya yarda da shi." Liman ya tsaya, ya dubi teburin tsallake inda mutane suka zuba ido, ya ajiye ledarsa a kan benci ya ce a sa masa sukari kaɗan. Iro ya juya mana baya yana hura wuta, ya daɗe yana hurawa alhali ta riga ta kama. Da ya juyo ya goge ido da gefen hannu, ya ce hayaƙi ne, sannan ya ɗauko kofi uku.